SHARHI: Tambarin "oganik" da gaskiyar abin da ke shiga tukunyar Birnin Kano

A 'yan shekarun nan wata baƙuwar kalma ta samu gindin zama a bakin masu saye da sayarwa a Kano. Ana ganin "oganik" a jikin kwalaben zuma da ledojin garin zogale, ana jin ta a tallan da matasa ke yi a Instagram da WhatsApp, kuma kusan duk inda ta bayyana farashi kan ɗaga. Abin da ake nufi da ita shi ne abincin da aka noma ba tare da takin zamani ko magungunan feshi na masana'anta ba. Tambayar da ke gaban magidanci a Yakasai ko Mandawari ko Ƙoƙi ita ce: shin ya dace ya ƙara kuɗin cefane domin wannan suna?

Tambayar ta zo a mummunan lokaci. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari, kuma a ranar 1 ga Agustan shekarar matasa suka cika titunan Kano suna zanga-zangar tsadar rayuwa. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin jihar ta amince da shi bayan nan naira 71,000 ne, mafi yawan mazauna cikin ganuwa kuma ba ma'aikatan albashi ba ne. Gidan da ke auna tiya da kwano yana lissafin kwanakin wata ba ya da rarar da zai sayi kwanciyar hankali. Idan za a ce masa ya biya ƙari, wajibi ne a nuna masa abin da ƙarin zai kare shi daga gare shi.

Fargabar da ke tura mutane neman "oganik" gaskiya ce, domin akwai guba a wani ɓangare na abincin da ake ci a Kano. Sai dai tambarin, a yadda yake a yau, ba ya tare hanyoyin da gubar ke bi.

Birnin da ya ciyar da gonakinsa

Abin mamaki ne a ce ana tallata wa Bakano noma da takin gida a matsayin sabon ilimi daga Turai. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa a farkon ƙarni na 12, wadda Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, ta kewaye gidaje da gonaki tare. Da Bajamushe Heinrich Barth ya shigo birnin a 1851 ya tarar da fili mai yawa a cikin ganuwa ana noma shi. A wajenta kuwa akwai karkarar Kano, wadda masana ke lissafawa cikin yankunan da suka fi cunkoson manoma a busasshiyar Afirka, inda ake noma gona ɗaya kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba.

Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana binciken sirrin wannan ƙasa da ba ta gajiya. Wani babban ɓangare na amsar yana bayan jaki. Da rani jakuna kan shigo ta ƙofofin birni ɗauke da itacen girki, su fita da mangala cike da taki: kashin awaki da tumakin da ake kiwo a cikin gidaje, da na dawaki, da toka, da sharar tsakar gida. A gona kuma ana cuɗa gero da dawa da wake, waken ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa ta ciyar da dabbobi, dabbobin su mayar da taki. Birni na cin gona, gona na cin juji.

Da a ce akwai mai ba da takardar shaida a wancan zamani, da kusan duk hatsin da ya shiga Kasuwar Kurmi ya samu tambari. Amma jujin yau ba na jiya ba ne. Tun a shekarun 1990 masu bincike suka lura cewa tifa ta fara maye gurbin jaki, kuma manoma na kukan leda a cikin sharar da ake zube musu. Yanzu bolar unguwa ta haɗa da batiran tocila da fasassun kwalabe da ragowar magunguna da tarkacen wayoyi. Wanda ya kwashe ta ya watsa a gona ba tare da tacewa ba bai yi amfani da takin zamani ba, gaskiya ne, amma ba wanda zai rantse cewa abin da ya zuba ya fi buhun NPK tsabta.

Abin da binciken duniya ya nuna

Ba a daɗe ana jan magana a kan wannan ba, domin sakamakon a bayyane yake. A 2012 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun tattara nazarce-nazarce 237, ba su samu hujja mai ƙarfi cewa abincin oganik ya fi gina jiki ba, sai dai sun tabbatar ba a cika samun ragowar maganin ƙwari a jikinsa kamar na sauran ba. A 2014 wata tawaga ƙarƙashin Jami'ar Newcastle ta Ingila ta duba nazarce-nazarce 343, ta ce amfanin gonar oganik ya fi yawan wasu sinadarai masu kare ƙwayoyin jiki, kuma ya fi ƙarancin ƙarfen kadmiyam. Ta fuskar yabanya kuwa, wani nazari a mujallar Nature a 2012 ya nuna gonar oganik kan gaza ta zamani da kimanin kashi 25 cikin ɗari, gwargwadon irin shuka da yanayi.

Sai dai akwai abin da masu kawo waɗannan alƙaluma muhawarar gida kan tsallake. Kusan duka an tattara su ne a ƙasashen da ake gwada abinci kafin ya isa kanti. A can, ko tumatirin da aka yi wa feshi yana ƙarƙashin iyakar da doka ta gindaya, shi ya sa masana da yawa ke cewa ƙarin kuɗin bai zama dole ba. A can kuma kalmar "oganik" doka ce: a Tarayyar Turai sai gona ta yi shekara biyu ba ta ga haramtattun sinadarai ba kafin amfaninta na shekara-shekara ya cancanci tambari, a Amurka shekara uku, kuma mai duba gona na zuwa a kai a kai. A Kano dukkan ginshiƙan biyu ba su tsaya ba. Abincin yau da kullum ba ya bi ta ɗakin gwaji kafin ya isa Kasuwar Rimi, mai buga "oganik" a jikin leda kuma ba ya buƙatar komai sai na'urar ɗab'i. Akwai ƙungiyar masu noman oganik ta Najeriya, NOAN, mai cibiya a Ibadan, akwai kuma kamfanonin waje irin su Ecocert da ke tantance kayan da za a fitar ƙetare kamar riɗi da zoɓo, amma hidimarsu ba ta kai teburin mai kayan miya a Ƙofar Wambai ba. Biyan ƙari a kan suna kaɗai sayen kifi a ruwa ne.

Inda gizo ke saƙar

Wake shi ne misalin da ya fi tona asirin lamarin, kuma ba ƙaramin abu ba ne a birnin garau-garau da ƙosai da ɗanwake da alale. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya, bayan gwaje-gwajenta sun yi ta gano sinadarin dichlorvos a cikinsa. Iyakar da ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo. An samu buhunan da suka kai miligiram 4.6, wato ninki 460. An yi ta tsawaita dakatarwar shekaru bayan nan. Wannan sinadari shi ne ruhin Sniper da fiya-fiyar da ake kashe sauro da kyankyaso da ita a ɗakuna.

Muhimmin abu shi ne lokacin da gubar ke shiga. Ba a gona take shiga ba, a sito take shiga. Ƙwaron wake na iya mayar da buhu gari cikin 'yan watanni, ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa da kaka yana jiran farashin bazara kuma ba zai zuba ido ba. Sai a yayyafa magani a kan tsabar, ko a cusa ƙwayoyin hayaƙi fiye da kima a cikin buhu. Manomi na iya noma wakensa da takin awaki zalla, bai taɓa riƙe injin feshi ba, amma waken ya iso tukunya da guba saboda hannu uku ko huɗu da ya ratsa tsakanin gona da Dawanau da mai awo na unguwa.

Ba sabon labari ba ne. A 2008 an kwashi ɗalibai mata fiye da ɗari na makarantar sakandaren gwamnati ta Doma a Gombe zuwa asibiti bayan cin wake, gwaji kuma ya nuna maganin ƙwari a ciki. A shekarar ce NAFDAC ta haramta jerin magungunan gona guda 30. A 2019 hukumar ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni, kodayake abin da ya tunzura matakin shi ne yawaitar masu shan sa don hallaka kansu. Tambayar da ya kamata ta hana ɗan siyasa barci ita ce: waken da Turai ta ce bai dace da cikin mutanenta ba, ina ya tafi? Kasuwa ɗaya ce, sito ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne wani gefen yana da mai gwadawa. Har ta kai wasu matan gida sun fi natsuwa da waken da suka ga ƙwaro na yawo a ciki, wai shaida ce ba a sa masa magani ba. Dabara ce ta wanda hukuma ta bari da idonsa, kuma ba kullum take gaskiya ba.

Hanya ta biyu ta fi ɗaure kai, domin tana bi ta cikin abin da a ido ya fi kama da noman gargajiya. Kogin Jakara, wanda ya ratsa tsakiyar birni ta gefen Kasuwar Kurmi, ya daɗe da zama babbar kwatar Kano. Yana kwasar ruwan wanka da na bayan gida da na mahauta, a gaba kuma rafin Getsi ya haɗe da shi ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, kafin su zube a madatsar Wasai da ke Minjibir. A gaɓar waɗannan ruwaye, ta wajen Kwakwaci da Gama da gaba, akwai lambunan salak da alayyahu da kabeji da karas da ke ciyar da birnin duk rani. Ruwan na ɗauke da abincin shuka mai yawa, don haka ganyen kan yi kore shar, mai lambu kuma ya samu sauƙin sayen taki. Masana a Jami'ar Bayero da wasu cibiyoyi sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen, sun sha samun ƙarafa masu illa kamar dalma da kadmiyam da kuromiyam, wanda majemun fata na zamani ke amfani da shi. Wanki da ruwan gishiri na rage ƙwayoyin cuta da abin da ya maƙale a bayan ganye, amma ba ya fitar da ƙarfen da saiwa ta riga ta zuƙa. Wanda ya guji takin zamani ya rungumi wannan salak, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Ba laifin masu lambun ba ne kacokan. Talakawa ne da suka samu ruwa a inda babu wani, kuma su ne farkon masu shan illarsa, tun da a cikinsa suke wuni. Laifin na wanda ya bar masana'anta ta saki dagwalo ba tare da tacewa ba ne.

Ta uku ita ce feshin dab da girbi. Tun da ƙwaron Tuta absoluta, wanda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ya cinye tumatirin Kadawa da Kura da Garun Malam a 2016, hannun manoman rani ya saba da injin feshi. Kowane magani na da adadin kwanakin da ya kamata a jira kafin a tsinki amfani, an kuma rubuta shi a jikin kwalba, galibi da Turanci da ƙananan haruffa. Mai maganin da ke kasuwar ƙauye shi ne malamin gona, shi ne likita, kuma ribarsa na ƙaruwa ne da yawan abin da ya sayar. A nan kam noman oganik na gaskiya zai yi rana, musamman ga tumatir da tattasai da ganyen da ake ci ɗanye. Amma sai an san gonar. Akwai kuma hunhunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba, mai haifar da gubar afalatoksin da ke jawo sankarar hanta. Ita ba ruwanta da irin takin da aka zuba.

Takin zamani ba shi ne abokin gaba ba

Cikin duk waɗannan hanyoyi babu inda buhun yuriya ko NPK ya zama mai laifi ga lafiyar mai ci. Matsalar manomin Kano ma ƙarancinsa ce. Lokacin da shugabannin Afirka suka hallara a Abuja a 2006, matsakaicin abin da nahiyar ke zubawa kilo 8 ne a kowace hekta, suka yi alƙawarin kai shi 50 kafin 2015, alƙawarin da bai cika ba. Shirin taki na fadar shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016 ya sa buhu a kan naira 5,500. Bayan yaƙin Yukiren da cire tallafin fetur da faɗuwar naira, buhun ya haura naira dubu talatin a 2024. Manoma da yawa sun koma ga kashin kaji da na shanu, ba don sun karanta wata falsafa ba, sai don aljihu ya gaza.

Lissafin kuwa ba ya da tausayi. Buhun NPK 20:10:10 mai kilo 50 na ɗauke da kilo 10 na naitirojin. Takin dabbobi da ya sha rana a fili kan ƙunshi kusan kashi ɗaya cikin ɗari, wato sai an kwaso kimanin tan guda kafin a maye buhu ɗaya, ga kuɗin mota ga na lebura. Babu adadin awakin da zai wadatar da gonakin shinkafar Kura ta wannan hanya. Ƙasar Siri Lanka ta gwada yin haka da ƙarfin doka: a watan Afrilun 2021 Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya haramta shigo da takin zamani, noman shinkafa da shayi ya durƙushe, gwamnati ta janye kafin ƙarshen shekarar, a Yulin 2022 kuma shi kansa ya tsere daga ƙasar a tsakiyar boren da matsin tattalin arziki ya haddasa. Ba haramcin kaɗai ya kayar da shi ba, amma ya ƙara wa wutar fetur.

Hakan bai rage darajar takin gida ba. Ƙasar Kano mai yashi ce, kuma takin zamani ba ya ba ta abin da ke riƙe danshi da raya ta. Binciken cibiyoyin noma irin su IITA da ICRISAT, waɗanda dukkansu ke da ofis a Kano, ya daɗe da nuna cewa haɗa biyun ya fi kowanne shi kaɗai albarka. Ƙa'idar oganik ta Turai ba ta yarda da wannan haɗi ba. Ba ta kuma yarda da waken SAMPEA 20-T ba, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a Disambar 2019, domin an sauya masa ƙwayar halitta, alhali an ƙirƙire shi ne don rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa biyu. Mutum na iya adawa da irin wannan iri bisa wasu dalilai, ana ma tafka muhawara a kansa har a Majalisar Wakilai, amma ya nuna cewa "babu sinadari" da "oganik" da "lafiya" ba tagwaye ba ne.

Abin da ya cancanci kuɗi

Idan akwai ƙarin da ya halatta mai cefane ya biya, to na ajiya ne. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar aka fara yaɗa shi a Yammacin Afirka daga 2007, yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska, ba tare da ɗigon magani ba, kuma a Kano ɗin nan ake ƙera shi. Hikimar ba ta yi nisa da ta kakanni masu cuɗa wake da toka ko yashi a cikin tulu ba. Gidaje huɗu ko biyar a layi ɗaya da za su haɗa kuɗi da kaka, su sayi wake kai tsaye daga manomin da suka sani a Dawakin Kudu ko Gezawa, su ɗure a irin wannan buhu ko a jarka mai murfi, sun kauce wa babbar ƙofar guba, kuma sun sayi araha. Mutanen birni da yawa na da dangi a karkara. Wannan zumunci ya fi kowane tambari da ke kasuwa a yau inganci. Tambayar mai ganye inda aka shayar da kayansa ba rashin kunya ba ce. Zogale da rama da yakuwa a bayan ɗaki kuma ba sa neman fili mai yawa.

Sauran aikin ba na aljihun magidanci ba ne, kuma a nan ne matasan da ke bibiyar kasafin kuɗi ya kamata su sa ido. Kano na da hukumar kare haƙƙin masu saye, da KNARDA mai kula da malaman gona, da REMASAB mai kwashe shara, ga NAFDAC da NESREA na tarayya. Abin da mai cefane ba ya gani shi ne sakamako: samfur nawa aka ɗauka a Dawanau da 'Yankaba a watan jiya, nawa ne suka wuce iyaka, sito na wa aka rufe, masana'anta ta wa aka ci tara. Haka nan sharar birni, wadda rabonta mai yawa ruɓaɓɓen abu ne, za ta iya komawa takin da aka tace aka auna, maimakon ta toshe magudanai da damina ko ta isa gona da batir a ciki. Masu neman ƙuri'ar 2027 za su zo da alƙawarin tirelolin taki kamar yadda aka saba, domin ana iya ɗaukar hotonsu. Na'urar auna ragowar maganin ƙwari, da albashin ma'aikacin da zai riƙa shiga sito da ita, da takardar sakamako da Hausa a ƙofar kasuwa, su ne layukan da za a nema a cikin kasafin ma'aikatun gona da lafiya da muhalli idan ya isa zauren majalisar jiha.